Shirun da Safiyanu Ya Saya

A zauren Inna Rahama aka ƙulla cinikin, in har za a kira wurin zaure, tunda ba shi da ƙyaure sai wata tsohuwar zana da awaki suka cinye mata gindi. Safiyanu mai walda yana tsugune, ƙafa ɗaya na rawa. Ita kuwa tsohuwar tana bisa turmi a kife tana tsince yakuwa.

"Ɗakin nan naki na ƙurya nake so, Inna. Daga azahar zuwa magariba kawai."

"Kai za ka shiga? Raishatu ta koro ka?"

"Yarinyar za ta riƙa karatu a ciki."

"Wace yarinya? Belbeji cike take da 'yan mata."

Safiyanu ya kau da kai. Ta san wadda yake nufi sarai, neman baki ne irin nata. Zuhaira ɗiyarsa ce ta fari, kuma tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa kama sunan nan da bakinsa ba, bai taɓa zama hira da ita ba. Haka ya taras ana yi, haka ubansa ya yi wa yayansa.

"To na ji," in ji Inna. "Ni me zan ci?"

"Ƙofar ƙarfe. Da sakata, da wurin kwaɗo. Akuyar da ta sake shigo miki, sai dai in ta koyi tsallake katanga."

Hannun Inna ya tsaya cikin yakuwa. Ta daɗe tana faɗa da awakin unguwa a kan ɗan hatsinta.

"Amma da sharaɗi," ya ce. "Shiru nake saye. Ba hira, ba rediyo, ba daka. Ko sallama aka yi, ki fita waje ki amsa."

"Numfashi fa? A yi ko a bari?"

"Inna, ba wasa nake ba. Ran da ta shiga jarrabawa, ran nan zan kafa ƙofa. In shiru ya karye, ciniki ya karye."

"Allah ya sa albarka," ta ce. "Uwarka ma, Allah ya jiƙanta, haka take da ciniki, sai ta auna maka iska da tiya."

Abin da ya kai Safiyanu ga wannan ciniki ba ɓoyayye ba ne. Bara Zuhaira ta zauna birebe, jarrabawar ƙarshen kwalej, ta faɗi. Lakwal, wato makarantar boko, ta yarda ta maimaita aji sau ɗaya. In ta sake faɗuwa bana, an sallame ta ke nan, shekarun nan duka sun bi ruwa. Shi kuwa ya yi ta juya maganar har ya kama mai laifi, kuma mai laifin shi ne da kansa. Wurin aikinsa a bakin gidansa yake. Daga safe gurup, injin ba da wuta, na ruri, guduma na sauka a kan ƙarfe, masu amalanke na ihu a kan wanda ya riga zuwa. Ya sha shiga ofisoshi a Tanout da Damagaram kafa tagogi, ya ga yadda masu boko ke zama: ƙofa rufe, kowa ya sunkuya, ko tari sai a hankali. Sai ya yanke cewa boko kamar kaza take a kan ƙwai, ba ta son motsi.

Aka fara. Bazara ce, zafin da ke sa ƙarfe ya ƙone hannu tun ba a sa masa wuta ba. Zuhaira ta taso daga lakwal, ta ci abinci, ta ɗauki littattafai ta wuce gidan Inna. Shi kuma Safiyanu zama ya gagare shi. Ya kama walda, ya ajiye, ya ce bari ya leƙa. Ya bi ta lungun, ya kasa kunne a jikin katanga, ya ji tsit, ya dawo. Kafin ya gama haɗa ƙafar amalanke ɗaya, zuciya ta sake cewa tashi. Ya kori mai jaki daga lungun don jakin ya cika kuka. Ya roƙi mai sayar da ƙanƙara ya riƙa bi ta wancan layin. Har maƙwabciyar Inna ya je ya yi wa magana a kan zakaranta, matar ta ce in ya san yaren kaji ya shiga ya gaya masa da kansa.

Shiru ya samu, amma yarinyar ba ta yi kama da mai samun komai ba. Takan dawo da magariba ido a kumbure, da zanen tabarma a kumatu. Ya lura, ya kasa tambaya. Ya tambayi uwarta Raishatu, ita kuma kunyarta ta fi tasa, ta ce, "Ni ina zan sani, Malam? Tana dai gaishe ni ta wuce."

Can kuma sai abu ya canja. Zuhaira ta fara dawowa da sauri, tana tafe leɓɓanta na motsi, ta zauna ta share kwanon tuwo tas. Murya kuwa ta ɗan dusashe. Safiyanu ya ce a ransa ƙura ce. Ya fara faɗa a majalisa cewa shi bai yi lakwal ba amma ya san maganinta. Ya rage sintiri, ya yanko ƙarfen ƙofa mai kauri, ba irin wanda yake yi wa kowa ba.

Ranar da ya je auna faɗin zauren, da la'asar ne. Tun daga bakin lungu ya ji hayaniya. Ya ɗauka gidan mai zakara ne. Da ya matso sai ya ji muryar Inna tana tashi daga ƙurya.

"Ƙarya kike yi, uwar gardama! Sauro? Wannan ɗan abin da nake murjewa da yatsa shi zai kwantar da ƙato? Zazzaɓi daga ɗanyen nonon damina yake, kowa ya sani."

Muryar Zuhaira ta amsa, "To wanda bai sha nono ba fa, tsohuwa? Jaririn da ke goye, shi ma nonon shanu ya sha?"

"Uwarsa ta sha!"

"Ba saurayin sauron ba ne ma, macen ce. Ta ciji mai ciwo, ta kwaso ƙwayar, ta zo ta zuba miki a jini. Ƙwayar ta wuce hanta ta hayayyafa, sannan ta fito ta fasa ƙwayoyin jini. Lokacin ne jiki ke rawa."

"Ke kika leƙa ƙarƙashin sauron kika ga mace ce? To faɗa mini da yaren nasu in ji. In kika yi tuntuɓe na san ƙirƙira kika yi."

Sai Safiyanu ya ji ɗiyarsa ta zuba faransanci, da ƙarfi, kamar mai faɗa a bakin rijiya. Bai tsaya jin ƙarshe ba. Jini ya hau masa kai, ya kutsa har tsakar gida da ma'auni a hannu.

"Inna! Wannan ne shirun?"

Zuhaira ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Inna ko gezau.

"Sannu da zuwa, maigadi. Ai na yi maka shirun har bakina ya yi tsami. Yarinyar nan barci take yi a kan takarda kamar an yi mata asiri. Ran nan na leƙa na ce me aka zana nan, ta ce zuciya ce, wai famfon jini. Na ce zuciyar da ake fushi da ita? Shi ke nan ta tashi zaune."

"Ni ban aiko ta gardama ba. Gardamar nan ita ta hana ta komai tun tana ƙarama. Karatu na ce."

"To ɗauki abarka."

"Ƙofa kuwa babu."

"Dama can da zana na girma," in ji Inna, ta juya masa baya.

Ya mayar da yarinyar gida. Tunda shirun haya ya ƙi, sai ya ce zai yi nasa. Daga azahar ya kashe gurup, ya ajiye guduma, ya ja ƙyauren wurin aiki. Kuma lokacin ne fa manoman Damargu ke tururuwa kafin ruwan fari, wannan amalankensa ya karye, wancan garmarsa na son baki. Su zo su taras da shi zaune hannu rabbana, ya ce su dawo da safe. Wasu daga ƙauyukan Tarka suke, ba su da safiyar da za su ba shi, sai su wuce wurin Alhassan, mai waldar bakin tasha. Yana kallo ana jan aikinsa ana kai wa wani. Raishatu ta koma yin daka a maƙwabta. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Shi kuwa shirun ya fi damunsa fiye da kowa. Ya zauna a benci, ya tashi. Ya zagaya bayan gida, ya dawo, ya tsinci ƙusa ya jefar. Ya dubi gabas ko hadari ya taso, ya ga babu, ya ji haushi, kamar da ya taso zai yi murna. Ya leƙa tsakar gida ya ga labulen ɗakin yarinyar bai motsa ba. Zanen tabarma ya dawo kumatunta. Jarrabawa kuwa tana matsowa, har an fara karɓar hotunan ɗalibai.

Wata la'asar yana wannan kai da kawowa sai ya ji magana ƙasa-ƙasa daga ɗakin. Murya biyu. Ɗaya ta Zuhaira, ɗaya ta tsohuwa mai kaushi. Ya dubi ƙofar gida, ba takalmin baƙo. Ya sha jin ana cewa boko kan taɓa kan yaro in ta yi yawa, ga shi ya kulle ta ita kaɗai, ko wani abu ya shige ta? Ya lallaɓa ya tsaya jikin bango.

"Ƙarya kike yi, uwar gardama," in ji muryar tsohuwar, sai ya gane Zuhaira ce ke kwaikwayon Inna. Ta koma muryarta: "Tsatsa ba daga cikin ƙarfe take fitowa ba. Iska ce da laima ke haɗuwa da shi. Shi ya sa ƙarfen da ya yi tsatsa ya fi nauyin da yake da shi da."

Ta sake maƙe murya: "To... to na yarda."

Sai ya ji ta ce da muryarta, a gajiye, "Kai, ba haka za ta ce ba. Ita ba ta yarda." Ya ji littafi ya bugi bango.

Safiyanu yana tsaye, magana ta cika masa baki har tana ƙaiƙayi. Ƙarfe mai tsatsa ya fi nauyi? Shi da ya kwashe rayuwarsa yana ɗaga kwanon rufin da tsatsa ta cinye, ya koma sakayau kamar busasshen ganye? Wane malamin lakwal ne ya koya musu wannan shirme? Ya ɗaga hannu zai yaye labule ya ce mata ƙarya ne. Hannun ya tsaya. Me zai kira ta? Ta yaya zai tsaya yana sa-in-sa da ɗiyar fari, ita kuma ta yaya za ta ɗaga ido ta ce masa ba haka ba ne, Baba? Ko ya shiga, sunkuyar da kai za ta yi ta ce to. Ita kuwa to ɗin nan ce ke kashe ta.

Bai ko sa hula ba ya fita.

Ya taras da Inna tana korar akuya da muciya. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ci gaba da akuyarta.

"Inna, na zo a sake magana."

"Wace? Ta shiru? Na sayar, ya ƙare."

"Ki bar ta ta dawo. Ku yi ta yi, ko unguwa za ta tashi."

Inna ta dafa muciya ta dube shi sama da ƙasa. "Ashe. To farashi ya tashi, ɗan nan. Ƙofa gobe, ba ran jarrabawa ba. Da taga a ɗakin ƙurya, zafi na dafa mu. Kuma ka je ka gaya wa mai zakara ni ban karya alkawari ba, kai ne ba ka san abin da ka saya ba, don ta yi ta yi mini dariya."

"Taga kuma, Inna?"

"In ta yi tsada, Alhassan na nan. An ce kwanan nan hannunsa ya buɗe."

Ya haɗiye wannan. Ya ce ya yarda. Ya juya zai tafi, ya dawo, ya sosa ƙeya.

"In ta zo, akwai wata magana ta tsatsa. Za ta ce miki ƙarfe mai tsatsa ya fi nauyi. Kada ki yarda. Ki ce mata, in haka ne, me ya sa tsohon kwano ke hujewa ya koma ba nauyi?"

"Ni me na sani a kan ƙarfe?"

"Ba sai kin sani ba. Ki dai faɗa da ƙarfi."

Washegari ya kafa ƙofa da safe, ya fasa bango ya sa taga, ya je ya tsaya gaban mai zakara ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Da magariba ya koma wai duba sakata.

"Na faɗa mata," in ji Inna. "Ta yi tsalle kamar an taka mata wutsiya. Ta ce kwanon ya rage nauyi ne don tsatsar ta zube ƙasa. Wai a share garin tsatsar duka, a haɗa da kwanon a auna, a gani in bai fi ba." Ta yi murmushi. "Kuma ta ce in gaya wa wanda ya aiko ni."

Safiyanu ya yi kamar bai ji ƙarshen ba. Ya tafi gida yana sauri yana magana shi kaɗai. A share garin? To wa ya taɓa sharewa? Ya kwana da abin, da safe ya zo da wata: in wuta a cikin waya gudu take yi kamar ruwa, me ya sa ba ta zubowa in an yanke wayar? Inna ta ɗauka ta kai. Amsa ta dawo, ya ƙi yarda, ya sake aikawa. Haka suka yi ta yi, uba da ɗiya, tsohuwa a tsakani tana ƙara gishirinta. Ya buɗe wurin aiki, gurup ya koma ruri, amma rabin hankalinsa na can yana ƙera tambayar gobe. Tarihi da ciwace-ciwace Inna ta riƙe da kanta, ita da ta ce yaƙin duniya ba a yi shi ba tunda bai zo Belbeji ba. Lissafi ne kawai ya rasa abokin faɗa. Inna ta ce ita ba ta gardama da haruffa, Safiyanu kuma ya duba shafin ya ga ba inda zai kama.

Aka yi jarrabawa bayan ruwan fari. Ran da za a kira sunaye, iyaye suka cika filin lakwal. Safiyanu bai shiga ba, uban ɗiyar fari ba ya tsayawa gaba yana miƙa wuya. Ya bi bayan katanga yana kai da kawowa kamar mai neman abin da ya yar. Aka kira waɗanda suka ci kai tsaye, aka yi ta guɗa, ba ta ciki. Sai aka kira waɗanda suka kusa, za su sake zama zagaye na biyu, ya ji sunanta a nan. Lissafi ne ya ja ta ƙasa.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya ji daɗin zama da shi. Ya ƙone hannu, ya yi faɗa da mai kawo gawayi a kan abin da bai kai ya kawo ba. A ƙarshe ya je ya sami Mushe Isma'ila, malamin da ke koyar da lissafi, ya ce masa don Allah kada ya koya mata komai, ya dai riƙa yin lissafin a karkace a gabanta ya nace daidai ne. Mushe ya dube shi kamar mai taɓin hankali, amma ya gwada, kuma aka ji su har waje.

Da aka kira sakamakon zagaye na biyu, sunanta ya fito can kusa da ƙarshe. Safiyanu yana bayan katangar ya ji. Wani ya leƙo ya ce, "Mai walda, ɗiyarka ta ci!" Ya ce, "To, madalla," kamar an ce masa an yi ruwa a wani gari. Ya kama hanya da sauri, ya wuce gidansa bai sani ba, sai da ya kai bakin kasuwar dabbobi ya tsaya yana tambayar kansa me ya zo yi.

In ana lissafin wa ya ci wa ya faɗi a cinikin nan, Zuhaira ta ci, ko da da ƙyar ne, ta wuce gaba da karatu wurin gwaggonta a Tanout, inda aka ce malamai sun fara kuka da bakinta. Alhassan na bakin tasha ya ci, don manoman Tarka da suka koma wurinsa ba su dawo ba. Safiyanu ya yi asarar masu amalanke da ƙarfen taga, ya kuma sha dariyar unguwa, amma in ka ce masa ya faɗi sai ya tashi maka da faɗa. Inna Rahama ce mutane ke cewa ta fi kowa riba, tunda ta sayar da shiru ba ta bayar ba, aka kuma biya ta da ƙari. Ita kuwa cewa take ita aka cuta, don an saba mata da abokiyar faɗa an ɗauke, yanzu duk wanda ta ce wa ƙarya yake yi, sai ya ce mata, "Haka ne, Inna," ya wuce.